Diraib Ɗinka Lafiya Ƙalau, Wayarka Ce Mai Laifi

Ƙorafi ɗaya ake ta kawo mini har na gaji: injin CNC yana gocewa, ramin da aka huda da safe bai dace da na yamma ba. Kafin in buɗe baki mai injin ya riga ya yanke hukunci, wai diraib ɗin jabu ne, "ai sarbo ba ya zubar da taku." Wani har sabo ya sayo, ciwon yana nan daram.

E, sarbo yana da enkoda mai lura da juyawar moto. To amma umarnin da ya iso masa yake bi. In kontirola ta aiko bugu 10,000, hayaniyar lantarki ta cusa 12 a hanya, diraib zai taka 10,012 babu gardama, kuma ba zai nuna wata alamar kuskure ba. A wurinsa ya cika aiki. Ka gwada da kanka: yawancin diraib suna nuna adadin bugun da suka karɓa. Tura aksis ɗin gaba da baya sau hamsin alhali sifindil yana gudu. In lissafin bai dawo inda ya faro ba, ka ƙyale diraib, ka bi waya.

Wayar taku da ta alƙibla kowacce tana son tagwayen silli murɗaɗɗu masu ragar kariya: PUL+ da PUL- tare, DIR+ da DIR- tare. In kontirola tana fitar da sigina mai ƙafa biyu irin RS-422, ita za ka ɗauka, domin mai ƙafa ɗaya ba ta cika wuce bugu 200,000 a daƙiƙa ba. Kada wayar sigina ta kwana bututu ɗaya da ta moto ko ta inbata. A raba su da kamar santimita 30. In kuwa taku ɗaya ke ɓacewa duk sanda aka juya, duba gefen bugun da diraib ke ƙirgawa, ka kuma bai wa alƙibla lokacinta ta zauna kafin bugu ya biyo.

Ga inda nake son a kasa kunne. Mashigar siginar diraib da aka gina don bolt 5 ba ta ɗaukar bolt 24 kai tsaye. Ƙaramin ofto ne a ciki, nan take zai ƙone. Ko dai ka sa rezista mai om wajen 2,000, ko ka yi amfani da ƙafar da kamfani ya ware wa 24. Kada ka ce bari in ɗana in gani. Ɗanawar ita ce ƙonewar.

Abin haushin, mutum zai zuba kuɗi masu kauri a diraib, ya jefar da littafinsa tare da kwali, sannan ya haɗa shi da ragowar wayar fanka. Malam, nemo littafin nan, ka buɗe shafin haɗa waya kafin ka ɗauki sukundireba.