Fotos: Tsiron Inuwa Mai Son Hawa

'Yan'uwa ɗalibai da malamanmu, darasinmu na wannan mako a kan fotos ne, tsiro mai yaɗo wanda ganyensa ke da siffar zuciya, kore da ratsin ruwan ɗorawa. Masana kimiyya suna kiransa Epipremnum aureum, masu sayar da fulawa kuma sun laƙaba masa sunan Turanci mai nufin "tsiron kuɗi". Kuɗi dai ba ya haifa, amma rainonsa ba wuya ga wanda ya san inda ya fito.

Asalinsa tsibirin Mo'orea ne a tekun Fasifik, kusa da Tahiti. A can yana tasowa a ƙarƙashin manyan itatuwa, ya kama jikinsu da 'yan saiwoyin da ke fitowa a karansa, ya yi ta hawa neman haske. Shi ya sa ba ya son rana ta buge shi kai tsaye. Ranar bazara tana ƙona ganyensa. Mu ajiye shi kusa da taga ko a baranda, inda akwai haske amma ba zafi. Idan duhu ya yi yawa, ratsin nan zai gushe, ganyen ya koma kore zalla.

Hawan ma yana da tasiri. In an bar shi yana lilo daga tukunya, ganyensa ba ya wuce tafin hannu. In muka kafa masa sanda, muka naɗe ta da tsohon buhu muna jiƙawa, sababbin ganyaye za su riƙa fitowa da girma. A daji yakan kai kusan mita 1.

Ba sai mun sayi iri ba. Mu yanko reshe mai ganye 2 ko 3, kaɗan ƙasa da gaɓa, wato wurin da ganye ya haɗu da kara. Daga nan saiwa ke fita. Ganye ba gaɓa zai iya daɗewa a ruwa yana kore, amma ba zai taɓa zama tsiro ba. Mu tsoma gaɓar a kwalbar ruwa, cikin mako 2 zuwa 4 za mu ga fararen saiwoyi.

A nan ne muke jan kunne. Ruwan da ke zaune a kwalba gidan sauro ne, musamman mai ratsin fari da baƙi wanda ke yaɗa shawara da zazzaɓin dengi. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne kawai. Don haka mu sauya ruwan duk bayan kwana 3, mu goge cikin kwalbar, domin ƙwan yana mannewa a jikinta. Kada a tafi hutu a bar kwalba ko ɗaya a aji.

Idan saiwa ta kai tsawon yatsa, sai dashe a tukunya mai huda a ƙasa, cikin ƙasa da yashi da taki wanda ya ruɓe sosai. Yawan ruwa ya fi ƙishi kashe shi, don saiwar takan ruɓe. Mu tura yatsa cikin ƙasar, in da danshi mu dakata. Da hunturu kuma a riƙa share ƙurar ganye da jiƙaƙƙen tsumma.

Mai kai shi gida ya rataye shi nesa da ƙannensa da kyanwa. Ganyen yana da ƙananan ƙwayoyi masu tsini kamar allura, waɗanda ke sa baki zafi da kumburi in an tauna. Ruwansa ma yakan sa ƙaiƙayi, sai a wanke hannu bayan yanka.