Idan Sitiyari Na Kakkarwa Lokacin Taka Birki

Direbobi da yawa na shigowa gareji da ƙorafi iri ɗaya: mota na tafiya lafiya lau, amma da zarar an taka birki ana cikin gudu sai sitiyari ya kama kakkarwa a hannu. Galibinsu sun riga sun biya kuɗin balansin da alaimen kafin su iso gare mu, rawar kuwa tana nan. Asarar kuɗin nan na damuna, don tambaya ɗaya ta isa ta hana ta: yaushe rawar take zuwa?

In tana zuwa ba ka taɓa birki ba, wajen gudun kilomita 80 zuwa 100, a duba taya da rim. In kuwa sai ƙafa ta sauka a kan birki, to a fara da faifan birki na gaba, wanda muke kira dis. In a kujera kake jin ta fiye da hannu, a leƙa birkin baya.

Faifan nan shi fad ke matsewa mota ta tsaya, kuma dole kaurinsa ya zama ɗaya ko'ina. Bambancin da bai kai kaurin silin gashi ba ya isa ya sa fad ya riƙa kamawa yana saki a kowane juyi, har abin ya hau sitiyari. Ido ba ya ganin wannan, sai an ɗora agogon awo a fuskar faifan ana juya shi a hankali.

Abin da na fi so mai mota ya gane shi ne, faifai ba ya lalacewa haka kawai. Zafi ne kan gaba. Wanda ya gangaro Hawan Kibo da kaya ƙafarsa a kan birki tun daga sama, maimakon ya sa ƙaramar giya, ya toya faifansa. In muka kwance tayar sai mu ga tabo shuɗi-shuɗi, wani lokaci har da shatin fad ɗin a jikin ƙarfen. Sai ɗaurin notin taya. Mai faci ya zura faif a sifana, ya hau da ƙafa yana tsalle, wannan noti ya ɗauru fiye da kima, wancan bai kai ba, faifai ya zauna a karkace. Corolla ƙarfin ɗauri Nm 103 kawai take buƙata, a kuma ɗaure a gicciye, ba bi da bi ba. Tsatsa tsakanin hob da faifai ma na karkatar da shi, haka kalifa, mai matse fad, in ta cije. Ita ana gane ta idan taya ɗaya ta fi sauran zafi, ko fad ɗaya ya cinye ya bar ɗan'uwansa.

Wajen bincike kuwa, a ɗaga motar da jak, a girgiza tayar dama da hagu, sama da ƙasa. In akwai lilo, tayarod ko bol-joyin ko boris na ƙara wa rawar ƙarfi, kuma wannan ba abin jinkiri ba ne.

A jikin faifai akwai lambar mafi ƙarancin kauri da kamfani ya buga. In da saura, ana iya goge fuskarsa da inji. In ya kai lambar, a canza na dama da na hagu tare, da sabon fad, a kankare tsatsar hob, a shafa wa fil ɗin kalifa giris. In ba a yi waɗannan ba, sabon faifan ma zai soma rawa nan ba da daɗewa ba.