Darasin Wannan Wata: Iskar Hadari da Yadda Take Zuwa

Jama'a, kowace shekara muna jin labarin iska ta kware kwanon makaranta, ko ta ka da katanga, ko ta tuge bishiya. A watan Yuni na 2018, lokacin ƙaramar Sallah, irin wannan iska ta afka wa garin Bauchi. Ta rushe gidaje masu yawa, har aka yi asarar rayuka. To, iskar nan tana da lokacinta, da hanyarta, da alamunta. Wanda ya san su zai iya yin shiri.

Lokacinta

Ta fi ɓarna a farkon damina, wato watannin Mayu da Yuni. Takan sake tasowa a ƙarshen damina, cikin Satumba da Oktoba. Dalili kuwa shi ne, a lokacin ne iska mai laima da ke tasowa daga teku, ta kudu maso yamma, take haɗuwa da busasshiyar iskar Hamada. Idan ƙasa ta ɗauki zafi da rana, sai iskar mai laima ta hau sama, hadari ya haɗu. Shi ya sa ta fi zuwa daga la'asar zuwa dare.

Hanyarta

Galibi hadarin ƙasarmu daga gabas yake tasowa ya nufi yamma. Yakan yi tafiyar kamar kilomita 50 a awa ɗaya. Iska ce take riga ruwa isowa. Saboda haka ɗakin da ke fuskantar gabas, da gidan da ke bakin gari ba bishiya a gabansa, su ne suka fi shan wuya. Iskar takan shiga ƙarƙashin bakin kwano ta ɗaga shi sama. A gona kuma takan kwaso rairayi ta binne geron da bai daɗe da tsirowa ba.

Alamunta

Gari zai yi zafi, iska ta tsaya cik. Gabas za ta yi baƙi, ko ta yi ja saboda ƙura. Daga nan sai a ji wata iska mai sanyi ta kaɗo. Idan ka ji ta, minti kaɗan ya rage.

Abin yi

1. Tun watan Afrilu a duba katakon rufi. Wanda gara ta ci a sake shi, a ƙara ƙusa, a ɗaure katako da jikin gini da waya mai kauri.
2. A daina ɗora bulo da duwatsu a kan kwano. Idan iska ta watso su, sukan ji wa mutane rauni.
3. A sare busassun rassan da ke kan ɗaki.
4. A dasa layin darbejiya a gabas da gari, nesa kaɗan da gidaje. A bar ragowar kara a gona don ya tare rairayi.
5. Da hadari ya taso, a kira yara, a rufe ƙofa da taga. Kada a fake gindin bishiya ko jikin tsohuwar katanga, kada kuma a taɓa wayar lantarki da ta faɗo.

Rigakafi dai ya fi magani. Allah Ya ba mu damina mai albarka.

Tambayoyi

1. A waɗanne watanni iska ta fi ɓarna?
2. Daga wane ɓangare hadari ya fi tasowa?
3. Rubuta abu biyu da za ka gyara a gidanka kafin ruwan fari.