Tambaya da Amsa: Ina Karanta Littafi Mai Tsarki, Amma Bangaskiyata Sai Raguwa Take Yi

TAMBAYA: Sunana Ladi, daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Tudun Wada. Kakata ce ta fara bin Almasihu a gidanmu. Ko baƙi ɗaya ba ta sani ba, amma har ta koma ga Ubangiji ban taɓa jin ta yi shakka ba. Ni kuwa na yi firamare, ina karanta Hausa, ina da Littafina. Tun damina ƙaramin ɗana yake ciwo, masararmu ba ta yi ba don taki ya fi ƙarfinmu, maigida kuma ya tafi cin rani. Baffana ya ce duk don mun bar tsafin gida ne, iskoki sun yi fushi. Na ɗauki Littafi Mai Tsarki tun daga Farawa, da na kai Littafin Firistoci na tsaya, ban gane komai ba. Yanzu sai dai in sa shi ƙarƙashin matashin yaron in kwanta. Kullum fasto yana cewa Maganar Allah ce ke ƙarfafa bangaskiya. To, ni me ya sa tawa take raguwa? Ko Allah ya yashe ni ne?

AMSA: 'Yata Ladi, salama a gare ki. Sannu da jinya, sannu da ɗawainiyar gida ke kaɗai. Allah ya ba yaron lafiya.

In na fahimce ki, kina tambaya ne yadda za a yi mai karatu ta raunana, wadda ba ta iya karatu ba kuma ta tsaya daram. A ƙarƙashin wannan kuma akwai tsoron da ya hana ki barci, wato ko Allah ya juya miki baya. Na san ba ke kaɗai ba ce. Daga Kuki ta Bebeji zuwa ƙauyukan Kiru, har can Doguwa bakin dajin Falgore, akwai gidajen da ake wannan tambaya a zuci, kunya ta hana a furta.

Ki kwantar da hankalinki tukuna. Wadda bangaskiyarta ta mutu ba ta zama ta rubuta irin wannan wasiƙa. Damuwar da kike ciki ita kanta shaida ce cewa kina riƙe da Ubangiji, ko da hannun na rawa.

Littafin da kike jin ya rufe miki ƙofa cike yake da mutane irinki. A Zabura 13 Dawuda yana ƙorafin an manta da shi. Zabura 88 ta fara da kuka ta ƙare da kuka, babu sauƙi ko a ayar ƙarshe, kuma ba a cire ta daga Littafin ba. Yahaya Maibaftisma, wanda ya nuna Yesu da hannunsa, da kurkuku ya ishe shi sai ya aika a tambayo ko shi ne ɗin ko a ci gaba da jira, kamar yadda Matiyu sura 11 ta ba da labari. Wanda ya fi kusa da ke kuwa yana Markus sura 9: uba ne da ya kawo ɗansa mara lafiya, ya faɗi gaskiya cewa bangaskiyarsa a gauraye take da shakka. Yesu bai ce ya je ya cika ta ya dawo ba. Ya warkar da yaron.

Yanzu batun kakarki, Allah ya sa mu gama lafiya kamar ta. Kin ce ba ta san baƙi ba. Gaskiya ne, amma Littafin ta san shi. Ki tuna yadda tsararrakinta suka same shi: mai bishara ya zo ƙauye a kan keke, a shimfiɗa tabarma a gindin itace ko a majami'ar jinka, ya karanta labari ɗaya da ƙarfi, ya maimaita, ya bayyana, mata su ɗauke shi su sa a waƙa, a yi ta rerawa wajen daka da surfe har ya zauna. Abin da ta ji kaɗan ne in aka gwada da abin da ke hannunki, sai dai ta ji shi sau da yawa, cikin jama'a, ta kuma yi rayuwa a kansa.

Haka abin yake tun asali. A Romawa sura 10 Manzo Bulus ya danganta bangaskiya da jin saƙon Almasihu. A Nehemiya sura 8, Ezra ya tsaya a dandali yana karatu, Lawiyawa na bin jama'a suna fassara musu ma'ana. Wasiƙun Bulus ma a taron ekklesiya ake karanta su kowa na saurare. Sai a shekarun 1450 aka fara buga Littafi Mai Tsarki da injin ɗab'i a Jamus. Kafin nan, har ma bayan nan da daɗewa, yawancin masu bi irin kakarki ne, ba su da Littafi a ɗaka. Saboda haka ba ilimi ta fi ki ba, hanyar da ta bi ce ta fi taki sauƙi. Ke kina fama ke kaɗai, da dare, a gajiye, da tocila a hannu, a cikin littafin da ko ɗaliban makarantar tauhidi ta Tofa sai an zaunar da su an koya musu.

Ki kuma san cewa an sha wahala kafin Littafin nan ya yi magana da harshenki. Wani Bajamushe mai suna James Schön ne ya fitar da Bisharar Matiyu da Hausa a 1857, da taimakon Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da matafiyi Barth ya kai Ingila. Sabon Alkawari ya fito a 1880. Likita Miller na Zariya da abokan aikinsa suka yi shekaru suna fama har cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito a 1932, aka sake sabuwar fassara a 1980, ga kuma ta Sabon Rai Don Kowa da ta zo daga baya. Duk wannan ɗawainiya don abu ɗaya aka yi ta: mace kamarki ta ji, ta gane.

Wannan ya kawo mu ga matashin yaron. Ba zan yi miki faɗa ba, 'yata, uwa ce ke, kuma uwar mara lafiya ba abin da ba ta kamawa. Amma Littafi Mai Tsarki ba laya ba ne. Takarda ce da tawada, ikon yana ga Mai maganar. Dubi madatsar Tiga, tun 1974 take tare da ruwa, amma manomin tumatir a Kura ko Bunkure ba ya amfana da ita sai an buɗe ruwan ya bi magudana ya shiga fangalinsa. Littafi a rufe ƙarƙashin matashi haka yake.

Akwai wani abu kuma da nake so ki lura da shi. Lissafin baffanki na ciniki ne: a yanka abu, a sami kariya, a daina, a sha wuya. In muka mai da Littafin abin ajiyewa don ya tsare mu, lissafin bai canja ba, kayan kawai muka sauya. Ranar da ciwo ya ƙi tafiya kuwa, sai mu ce abin bai ci ba, bangaskiya ta faɗi tare da shi. A Matiyu sura 4 Shaiɗan da kansa ya jawo aya daga Zabura 91 don ya sa Yesu ya gwada Allah, Yesu ya ƙi. Ba a taɓa yi mana alkawarin cewa mai bi ba zai yi asarar gona ba. Ki duba ƙarshen Littafin Habakuk, sura 3. Annabi ne ke magana, gonaki ba su ba da komai ba, garke ya watse, amma ya ce yana nan tare da Allahnsa.

Game da masarar, ki dubi maƙwabta. Tsadar taki tun 2022, da cire tallafin man fetur a 2023, ba su tambayi addinin kowa ba. Gonar Musulmi ta ji jiki, ta Kirista ta ji, ta mai tsafi ma ba ta tsira ba. Kada ki yi gardama da baffanki, kada ki raina shi. Uba ne, tsoro ne ya sa shi magana, shi ma yaron yake ji. Ki gaishe shi da ladabi, ki ce kin ji, amma ke kin riga kin san wanda kika dogara gare shi.

To, yaya Maganar take ƙarfafa mutum? Bangaskiya amincewa ce, kuma ba ka amincewa da wanda ba ka sani ba. Aikin Littafin shi ne ya riƙa nuna miki halin Allah, yau a wannan labari, gobe a wancan, har ki san shi sanin da zai sa in wani ya ce ya yashe ki, zuciyarki ta ce wannan ba halinsa ba ne. Wannan ba ya faruwa a dare ɗaya, kuma ba a auna shi da tashin tsigar jiki ko hawaye. Wata rana za ki karanta ki ji daɗi, wata rana ki rufe kamar ba ki karanta ba. Duka biyun karatu ne. Almajirai biyun nan na hanyar Imuwasu, a Luka sura 24, sun yi tafiya mai nisa ana bayyana musu Nassi, sai a ƙarshe suka gane da wa suke tare.

Ga shawarata. Ki ajiye Littafin Firistoci tukuna, ba laifi ba ne, ranarsa na zuwa. Littafin da ke hannunki tarin littattafai 66 ne, na 'yan'uwanmu Katolika ma 73, ba dole sai an bi su a jere ba. Ki fara da Markus. Sura 16 ce kawai, labarai ne gajeru masu tafiya da sauri. Kada ki ɗora wa kanki sura guda a rana. Labari ɗaya ya isa, ki karanta shi a bayyane, kunnenki ya ji, yara ma su ji. In da hali da safe, kafin ki ɗora koko, lokacin da kai bai cika ba. Ki maimaita shi, sa'an nan ki rufe Littafin ki ba babbar 'yarki ko maƙwabciyarki labarin da bakinki. Inda kika tsaya kina laluben magana, nan ne ba ki gane ba, sai ki koma. Da dare kuma Zabura ɗaya, ki mai da ita addu'arki. In kin gama Markus ki shiga Luka, ki ɗan ratsa ta wajen Rut, matar da ta yi kala a gonar wani don ta ciyar da surukarta.

Ki guji buɗe Littafin da ka ki ɗora yatsa, ki ce abin da ya fito shi ne saƙonki na yau. Wannan duba ne aka sa masa rigar coci. Lambobin ayoyin nan ma ba marubutan ne suka sa su ba, wani maɗaba'i Bafaranshe, Robert Estienne, ya sa na Sabon Alkawari a 1551 don sauƙin nema. Aya tana da na gaba da na baya, ki karanta su tare.

Kada kuma ki zauna ke kaɗai da abin da ya shige miki duhu. Baban nan na Habasha, a Ayyukan Manzanni sura 8, ma'ajin sarauniya ne guda, amma bai ji kunyar cewa yana bukatar mai bayani ba. Ki sa alama da fensir, ranar Zumuntar Mata ki tambayi matar fasto ko wata dattijuwa. In akwai mai littafin Abincin Yini a majami'arku, ku riƙa bi tare. In kuwa ido ya gaji, akwai Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka ɗauka a murya, wani matashi a ekklesiya zai iya sauko miki da shi daga manhajar YouVersion ko Bible.is ya sa miki a waya, ki riƙa saurare kina aiki. Maigida ma ku yanke labari ɗaya ku riƙa karantawa, in ya kira ku taɓa zancen ko na minti biyu ne.

Ki riƙa haddace aya ɗaya a mako. A nan ina sha'awar maƙwabtanmu Musulmi, ba na ɓoyewa. Yaro ƙarami yakan fito da allonsa da asuba cikin sanyin hunturu, ya yi ta biyawa har ya zauna masa. Mu da yawa mun bar wannan wa 'yan makarantar Lahadi, kamar manya sun wuce shi. Ranar da kike zaune a bencin asibiti ba Littafi a hannu, abin da ke kanki shi za ki samu.

Maganar asibiti kuwa, ciwon da ya kama yaro tun damina bai kamata a ci gaba da jinyarsa a ɗaka ba. Ki kai shi Babban Asibitin Tudun Wada a auna jininsa, a duba ko zazzaɓin cizon sauro ne da bai fita ba, ko ƙarancin jini, ko rashin abinci mai gina jiki. Zuwa wurin likita ba raunin bangaskiya ba ne, Luka da ya rubuta Bishara ma likita ne. Ki kira dattawan ekklesiya su zo su yi masa addu'a, kamar yadda Yakubu sura 5 ta koyar, a haɗa biyun.

Kada ki bari kunya ta hana ki faɗin halin da rumbunki yake ciki. Ba sai kin tashi a gaban jama'a ba. Ki sami shugabar Zumuntar Mata a gida, kafin Lahadi mai zuwa, ki gaya mata abin da ya rage na hatsi da abin da ake bukata na mota da magani. Ki roƙe ta kuma ta haɗa ki da mace ɗaya da za ku fara Markus tare.