Digirin Kimiyya Mai Fannoni Da Yawa: Bayani Ga Ɗalibai Da Iyayensu

Kowace shekara, idan sakamakon shiga jami'a ya fito, akan sami magidanci a unguwar Wunti ta birnin Bauchi, ko a wani gari na Nijeriya, yana juyayi saboda ɗansa ya nemi karatun likita amma aka ba shi gurbi a tsangayar kimiyya. Wasu har sukan hana yaron karɓar gurbin, ya zauna gida shekara guda yana jiran wata jarrabawar. Sau da yawa rashin sanin yadda karatun kimiyya yake a jami'a ne ke jawo wannan hasara.

Digirin kimiyya ba hanya ɗaya ba ce tilo wadda in an shiga ba a iya ratsewa. A shekarar farko kusan duk ɗaliban kimiyya tare suke karatu: lissafi, da fizik, da kemistiri, da ilmin halittu masu rai, sa'an nan da darussan bai ɗaya kamar Turanci. Sai daga shekara ta biyu hanyoyi suke rabuwa. Wannan tsari tsoho ne. A Jami'ar Kambirij ta Ingila tun 1851 ake jarraba ɗalibai a digirin da ya tattara fannonin kimiyya wuri guda. Ɗalibi yakan fara da fannoni uku tare da lissafi, ya rage su a shekara ta biyu, ya tsaya kan guda a ta uku. Jami'o'inmu ba su sakar wa ɗalibi linzami har haka ba, domin tun daga takardar hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ake rubuta masa sashensa. Amma ƙofar a buɗe take fiye da yadda jama'a suka zata.

Bauchi tana da misali a gida. A 1980 Gwamnatin Tarayya ta kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a garin. A 1984 aka haɗe ta da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, a 1988 kuwa ta sake tsayawa da ƙafafunta da sunan Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, wadda ke da mazauni a Yalwa da Gubi. Manufar irin waɗannan jami'o'i ita ce a koyi kimiyya domin a yi aiki da ita, shi ya sa akan tura ɗalibi koyon aiki a ma'aikata ko masana'anta na wasu watanni kafin ya gama.

Shi kuwa aiki ba ya tambayar sunan sashen mutum. A ɗauki neman ruwa. Birnin Bauchi yana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, har akwai wani irin dutse da masana suka raɗa wa sunan garin, watau bauchite, wanda Farfesa Oyawoye ya yi bincike a kansa. A ƙasa irin wannan ruwa ba ya kwanciya ko'ina, sai a tsagar dutse ko inda dutsen ya ruɓe. Mai son haƙa rijiyar burtsatse a Wunti yana bukatar wanda ya san duwatsu. Shi kuma masanin duwatsun sai ya tura wutar lantarki cikin ƙasa ya auna yadda take ratsawa, wannan kuwa fizik ne. Fassara abin da na'ura ta nuna lissafi ne. In ruwa ya fito, sanin ko ya shawu aikin kemistiri ne da ilmin ƙananan ƙwayoyin cuta. Rijiya ɗaya, fannoni biyar. Wanda ya raina huɗu daga cikinsu yana ɗalibi, sai ya yi ta biyan wasu su yi masa.

Yadda Ake Ƙidayar Karatu

Kowane darasi yana da nauyinsa, wanda ake kira yunit. Yunit ɗaya shi ne sa'a guda ta lacca kowane mako har zangon karatu ya ƙare, ko kuwa sa'a uku a ɗakin gwaje-gwaje. Digirin shekara huɗu yana bukatar aƙalla yunit 120, na shekara biyar kuwa 150. Darussan kashi uku ne. Akwai na dole, waɗanda ba a ba da digiri sai an ci su. Akwai waɗanda sashe yake umurtar ɗalibinsa ya je ya ɗauka a wani sashen. Akwai kuma na zaɓi, kuma a nan ne sassaucin yake. A 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta fito da sabuwar manhaja, inda ta tsara kashi 70 cikin 100, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cika da abin da ya dace da yankinta.

Abin takaici, ɗalibai da yawa sukan zaɓi darasi don an ce malaminsa ba ya ka da mutane. Gara mai karanta kemistiri ya tattara zaɓinsa a gefe ɗaya, alal misali ilmin ƙididdiga da na kwamfuta, yadda takardar sakamakonsa za ta nuna ya san abu biyu sosai, maimakon ya tsinci nan ya tsinci can.

Iyakar Sassaucin

Wajibi ne a faɗi gaskiya ga mai shiga kimiyya da niyyar tsallakawa zuwa likitanci daga baya. Likitanci da haɗa magunguna da injiniyanci suna ƙarƙashin hukumomin sana'a masu ƙa'idojinsu, guraben likitanci kuma ƙidayayyu ne. Sauya sashe yana yiwuwa, musamman tsakanin sassan kimiyya a ƙarshen shekarar farko, amma sai da gurbi, da yardar sassan biyu, da maki mai kyau. Makin kuwa tun jarrabawar farko ake fara tara shi: wanda ya ci 70 zuwa sama yana da biyar, digiri mai daraja ta ɗaya kuma daga matsakaicin 4.50 yake farawa. Har ila yau wasu darussan matakala ne, ba a yarda a hau na sama sai an ci na ƙasa, don haka faɗuwa lissafin shekarar farko tana iya tsare ɗalibi a shekara ta biyu.

Kowane sashe yana da littafin jagora da malami mai ba ɗaliban kowane aji shawara. Ya kamata sabon ɗalibi ya nemi littafin a makon rajista, ya kai wa wannan malami jerin darussan da ya zaɓa kafin ya sa hannu a takarda.