Yadda ake auna sinadarin mata cikin ruwan gulbi

Mun saba auna ruwa da ido. In ya kwanta garau, sai mu ce lafiya lau yake. To, akwai abin da ido ba ya gani.

A jikin mace akwai wani sinadari mai suna istirojin. Shi ke tafiyar da al'ada da ɗaukar ciki. Jikin namiji ma yana da kaɗan. Yana fita cikin fitsarin mutane da na bisashe, musamman masu ciki. Ƙwayoyin tsarin iyali ma suna da irinsa. Idan ruwan masai ya gangara gulbi, tare da shi yake tafiya.

Kifi ne ya fara tona asiri. A shekarar 1994, masana a Ingila sun ba da labarin wani gwaji. Sun sa kifaye cikin keji, a bakin inda ruwan dattin gari ke faɗawa gulbi bayan an tace shi. Da suka duba jinin mazan, sai suka tarar da abin da macen kifi ke yin ƙwai da shi. Ashe tacewar ba ta kwashe sinadarin duka ba.

A 1996 aka fito da awo mai sauƙi, da yis, dangin wanda ake kwaɓa burodi da shi. An gyara yis ɗin don ya gane istirojin. Ana ɗebo ruwa, a tattara abin da ke cikinsa, a zuba ma yis. Idan akwai sinadarin, launi ya tashi daga rawaya zuwa ja. Yawan ja, yawan sinadari. A ganinmu amfanin wannan awo babba ne, domin yana kama duk abin da ke aiki kamar istirojin, ko ba a san sunansa ba.

Kaɗan ma yana ɓarna. Daga 2001 zuwa 2003, a Kanada, an zuba shi cikin wani tafki na gwaji. Awonsa kamar ƙwayar sukari guda ce cikin lita dubu ɗari. Wani ƙaramin kifi ya kusa ƙarewa a tafkin, don haihuwa ta tsaya.

A Yamai, ruwan datti yana bin Gunti Yena ya faɗa kogin Kwara, inda masunta ke neman abinci. A ƙauye kuwa, mu haƙa masai nesa da tafki da rijiya, kuma kada mu zuba ragowar magani cikin ruwa.