Madubin mota, idon direba na baya

Jama'a masu karatu, samari da yawa na garuruwanmu suna bin mota don su koyi tuƙi. Yaro shi kan koyi sitiyari, shi koyi birki, amma a manta da madubi. To, direba ba shi da ido ga ƙeya. Madubi shi ne idonshi na baya.

Ƙaramar mota tana da madubi 3: ɗaya ciki, ɗaya hagu, ɗaya dama. In an cika mota da kaya, na ciki ba shi nuna komi. Sai a dogara ga na waje.

Ga abin da maigida za shi koya ma yaronshi:

1. Kahin mota ta tashi, zamna daidai, ka gyara madubi. Na ciki shi nuna gilashin baya duka. Na waje shi nuna hanya da ɗan gehen motarka. In da ƙura, ka shahe ta.

2. A Nijar, hannun dama ake bi, ta hagu ake wuce mota. Kahin ka wuce mota ko amalanke, dubi madubin hagu. Wataƙila wani ya riga ya taso shi wuce ka.

3. Kahin ka taka birki, ko ka ratse ka sauke mutum, dubi baya. Babbar mota mai kaya ba ta tsayawa nan da nan.

4. Kullum madubi ne hwarko, sannan wutar ratse, sannan juya sitiyari.

5. Kallo ɗaya ya isa, ka maido ido gaba. Mota mai gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 cikin sakan guda.

Amma a lura, madubi ba shi nuna komi da komi. Akwai wuri kusa da gehen mota inda mai moto ko mai keke ke ɓacewa. Maigida, gwada ma yaronka haka: tsaida mota, shi zamna wurin direba, kai ka zagaya ta sannu sannu. In ka ɓace mishi, shi yi magana. Daga rannan za shi san sai ya waiwaya kahin shi ratse.

Mu ma na ƙasa muna da namu rabo. Ranar kasuwa, in kana kusa da babbar mota, dubi madubinta. In ba ka ga huskar direba ba, shi ma bai gan ka ba. Ja jakinka da ɗiyanka nesa.

Tambayoyi:
Madubi nawa ƙaramar mota take da su?
Mi direba za shi yi kahin shi kunna wutar ratse?
Ƙaƙa za ka san direba ya gan ka?

Ku tattauna da malaminku. Allah shi tsare mu bisa hanya.